Tambaya da Amsa: Abin da Raunin Makami Mai Kaifi Ke Nuna wa Likitan Binciken Gawa

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato yadda ake binciken mutuwar da wuƙa, adda, gatari ko fasasshen gilashi suka jawo. Mun zaɓi takwas, mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su sami wuri.

Assalamu alaikum. Ni ɗalibar koyon aikin lauya ce. A rahoton likita nakan ga an rubuta yanka a wani wuri, suka a wani wuri, sara a wani wuri. Mene ne bambancinsu, kuma ina amfanin bambancin a gaban alƙali?

Wa alaikumus salam, Malama. Yanka shi ne raunin da tsawonsa a kan fata ya fi zurfinsa, domin jan kaifin aka yi a kan jiki. Bakinsa a miƙe yake, babu ƙujewa, kuma yakan fara da zurfi ya ƙare da siririn layi. Suka kuwa zurfinta ya fi tsawonta, tsini ne ya shiga. Ita ta fi kisa, saboda ƙofar ƙarama ce amma ɓarnar tana can ciki. Sara aikin makami mai nauyi ne irin adda, gatari ko takobi: yana raba nama, ya tsaga ƙashi ko ya fasa shi, bakin raunin kuma yakan ɗan ƙuje, musamman idan makamin ya dakushe.

Akwai na huɗu da ya fi dukansu jawo kuskure, ga shi kuma ba kaifi ke yin sa ba. Idan sanda ko dutse ya sami wurin da fata ke kwance a kan ƙashi, kamar fatar kai, gira ko ƙwauri, fatar kan tsage a miƙe har mutum ya rantse wuƙa ce. Likita zai ware bakin raunin ya duba da madubin ƙara girma. In ya ga zare-zaren nama da ƙananan jijiyoyi sun ratsa daga wannan gefe zuwa wancan ba su tsinke ba, to duka ne, domin kaifi yanke komai yake yi. Gashin wurin ma shaida ne: kaifi na yanke shi, duka na murƙushe shi. Ki ga amfaninsa ke nan. Idan shaidu sun ce wuƙa suka gani amma raunin na duka ne, akwai abin tambaya tun kafin a je ko'ina.

Ni jami'in bincike ne. Mun samo wuƙa a ɗakin wanda muke tuhuma. Na kai wa likita, sai ya rubuta cewa raunin "ya dace da irin wannan wuƙa". Me ya hana shi cewa ita ce kawai?

Yallaɓai, likitanka ya yi daidai, kuma da ya rubuta "ita ce" daga duban fata kaɗai, lauya mai ido zai wargaza shaidar cikin minti biyar.

Fata ba ta riƙe siffar abin da ya huda ta yadda yake. Tana da jan kanta ta fuskoki sanannu, waɗanda wani masanin sassan jiki ɗan Ostiriya, Karl Langer, ya zana taswirarsu a 1861. Sukar da ta bi tsawon wannan ja takan zauna siririya. Wadda ta gitta shi takan wage baki, ta yi faɗi ta kuma gajarce. Wuƙa ɗaya na iya barin raunuka biyar masu kamanni biyar a jiki ɗaya. Shi ya sa ake auna rauni sau biyu: yadda aka same shi a buɗe, sannan a haɗa leɓɓansa a hankali da yatsu ko da salatif a sake aunawa da milimita, a ɗauki hoto da ma'auni a gefe. Awo na biyun ne ya fi kusa da faɗin ruwan wuƙar. Ko shi ma ba daidai wa daida ba ne. Fata na iya tsukewa raunin ya gaza faɗin wuƙar da milimita 1 ko 2, kuma idan wuƙar ta ja gefe wajen shiga ko fita, ko wanda aka soka ya juya, raunin zai zarce faɗinta, wani lokaci har ya yi kwana ko ya rabu biyu a ƙarshensa.

Zurfi ma haka. Mutane na ɗauka cewa rami mai santimita 15 sai wuƙa mai santimita 15. Ba haka ba ne. Ciki na lotsawa idan an danna shi, kamar yadda katifa ke lotsawa a ƙarƙashin dunƙulen hannu, don haka wuƙa mai santimita 10 kan bar ramin da ya fi tsawonta. Ƙirjin yaro ko matashi ma na lotsawa. A ɗaya ɓangaren, doguwar wuƙa na iya shiga rabi kawai. Sai idan an ga tambarin ƙujewa da gindin ƙota ya bari a gefen raunin ake cewa ruwan wuƙar ya shige duka.

Abin da fata ke iya nunawa shi ne jinsin makami. Wuƙa mai kaifi ɗaya takan bar ƙarshe ɗaya mai tsini, ɗayan kuma a daddatse, inda bayanta ya bi. Mai kaifi biyu takan bar tsini a duka ƙarshen. Almakashi a rufe, sukudireba da fasasshiyar kwalba kowanne da irin tambarinsa. Amma wuƙaƙe dubbai ne ke fita daga masana'anta ɗaya da siffa ɗaya.

Abin da ke ɗaure wuƙa guda da gawa guda abu uku ne. Na farko, tsinin da ya karye ya maƙale a ƙashi. Hoton eksire ke nuna shi, a ciro shi da abin da ba zai karce shi ba, a gwada shi da bakin karayar wuƙar. Na biyu, layukan da kaifi ya bari a guringuntsin haƙarƙari ko a ƙashi, musamman wuƙa mai haƙora. Akan yanko wurin, a ɗauki kwafinsa da roba mai daskarewa, a kwatanta a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Na uku, jinin mamacin a jikin wuƙar. Wani alƙali a ƙasar Sin, Song Ci, ya rubuta a 1247 yadda, bayan an kashe wani mutum da lauje, aka jera laujunan mutanen wani ƙauye a rana, ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya da aka riga aka goge, mai shi ya amsa laifi. Yau ma wanki ba ya fitar da komai: akan kwance ƙotar a duba ƙarƙashinta da gindin ƙusoshinta. Gwajin farko da ke canza launi zuwa ruwan hoda alama ce kawai, ba ya rarrabe jinin mutum da na dabba, wuƙar kicin kuwa ba ta rasa jinin nama. Gwajin ƙwayoyin halitta (DNA), wanda ke nuna ko jinin na wane ne, shi ke yanke magana.

Roƙonmu ɗaya: kada a taɓa zura wuƙar da ake zargi cikin raunin don a ga ko ta shiga. Yin haka na ɓata raunin, ya kuma shafa wa wuƙar jinin da wataƙila ba ta taɓa ɗauka ba.

Ina aikin jinya a sashen gaggawa. Idan an kawo wanda aka soka, hankalinmu na kan ceto ransa. Me za mu iya yi da ba zai ɓata shaida ba?

Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Rai ne a gaba, babu shaidar da ta kai shi. Sai dai yawancin abin da ke ɓacewa ba ceton rai ke ɓatar da shi ba, rashin sani ne, kuma gyaransa ba ya cin ko minti ɗaya.

Idan za ki yanke riga, ki kauce wa hujin da makamin ya yi. Hannu kan so ya zura almakashi ta nan domin ƙofa ce a buɗe, amma wannan hujin wani lokaci ya fi fatar riƙe faɗin wuƙar, kuma daidaita shi da raunin jiki na nuna yadda rigar take a lokacin, ko a ɗage, ko a murɗe. Kowace tufa ta shiga jakar takarda tata daban. Leda na tara gumi, jiƙaƙƙen jini ya yi fumfuna, ƙwayoyin halitta su lalace cikin kwanaki kaɗan. Tufa mai danshi a shanya ta a inuwa, a ɗaki mai kulle, kafin a naɗe.

Makamin da ke maƙale a jiki ba a zare shi sai a ɗakin tiyata, domin sau da yawa shi ke toshe jijiyar da ya huda. Idan an ciro shi, a riƙe shi da safar hannu ta inda ba a saba riƙewa ba, kada a wanke, kada a goge, a sa shi cikin kwali ko bututu mai tauri a ɗaure yadda ba zai yi yawo ba.

Sai rubutu, wanda shi ne aka fi sakaci da shi. Kafin a ɗinke ko a faɗaɗa rauni, a rubuta inda yake da tsawonsa, a ɗauki hoto in da hali. Likitan tiyata kan bi ta cikin sukar ya buɗe ƙirji, ko ya huda gefen ƙirji ya sa bututun zuƙe jini. Idan ba a rubuta ba, mai binciken gawa na iya ƙirga hujin asibiti cikin sukar maharin, ko ya rasa ta gaske da ta ɓace cikin ɗinki. Idan majinyacin ya cika, a bar duk bututu da allurar ƙarin ruwa a inda suke. Kada a wanke gawar, kada a yanke farce. A sa hannuwa cikin jakar takarda a ɗaure a wuyan hannu, saboda abin da ke ƙarƙashin farce. A rubuta yawan jinin da aka zuƙe da wanda aka ƙara masa, a kuma adana jinin farko da aka ɗiba kafin ƙarin jini, domin shi ne zai nuna gaskiyar abin da ya sha ko aka ba shi. Duk abin da aka miƙa wa jami'i, a rubuta wanda ya bayar, wanda ya karɓa, rana da lokaci, kowa ya sa hannu.

An soki wani maƙwabcinmu sau ɗaya a ƙirji. Hujin bai kai faɗin yatsa biyu ba, jini kaɗan ne a rigarsa, har ya yi tafiya ya yi magana kafin ya faɗi. Wasu na cewa ba sukar ce ta kashe shi ba. Hakan na yiwuwa?

Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri. Ba mu ga rahotonsa ba, amma abin da ka bayyana sananne ne ƙwarai, kuma ba ya kore cewa sukar ce sanadi.

Babban mutum na da jini kusan lita 5. Idan kashi 40 cikin 100 ya zube, wato wajen lita 2, rai na cikin haɗari matuƙa. Ba dole jinin ya fito waje ba: gefe ɗaya na kogon ƙirji na iya ɗaukar lita 2 ko fiye, ciki ma haka, ƙofar raunin kuma nama ya rufe ta. Akwai hanyar da ba ta ma buƙatar jini mai yawa. Zuciya na cikin wata jaka mai tauri wadda ba ta saurin buɗewa. Idan jini ya taru a cikinta da sauri, mililita 150 zuwa 200 sun isa su matse zuciyar ta kasa cika, bugunta ya zama na banza. Suka a ƙirji na iya sa iska ta taru ta danne huhu. A wuya kuwa, babbar jijiyar da ke mayar da jini na iya zuƙar iska ta kai ta zuciya ta yi kumfa, ko jini ya gangara maƙogwaro ya shaƙe mutum. Wani kuma sai bayan kwanaki yake cikawa, idan hanjin da aka huda ya zuba ƙazanta a ciki, kuma a shari'a wannan ma mutuwar sukar ce matuƙar an nuna silsilar.

Tafiya da magana kuwa ba abin mamaki ba ne. A ranar 10 ga Satumba 1898 aka soki Sarauniya Elisabeth ta Ostiriya a birnin Jeniba da siririn magagarin ƙarfe da aka wasa. Ta tashi, ta taka da ƙafarta har cikin jirgin ruwa, ba ta san an huda mata zuciya ba, sai can ta faɗi. Ɓangaren hagu na zuciya bangonsa na da kauri, yana iya tsuke ƙaramin huji ya rage gudun zubar jini na wasu mintuna. Yawan rauni ma ba shi ne ma'auni ba: an soki Yuliyas Kaisar, shugaban tsohuwar daular Rum, sau 23 a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), likitan da ya duba gawarsa, Antistius, ya ce ɗaya ce kawai mai kisa, ta ƙirji. Tunda wanda aka soka na iya tafiya, jinin kuma ya zuba a ciki, inda aka tsinci gawa ba lallai ya zama inda aka yi sukar ba, kuma rashin jini a jikin wanda ake tuhuma ba ya wanke shi.

Ni lauya ne. Likita na iya faɗa wa kotu ƙarfin da aka sa, da ko maharin bahago ne, da raunin da aka fara yi?

Barista, a ukun nan ne likitoci suka fi zarce iyaka. Batun ƙarfi, abin da za a iya cewa shi ne kaɗan, matsakaici ko mai yawa. Binciken da Farfesa Bernard Knight na Birtaniya ya buga a 1975 ya nuna cewa kaifin tsini ne ya fi komai tasiri, kuma fata ce ke turjiya a cikin nama mai laushi. Da zarar ta huje, sauran wuƙar na shigewa ba da wani ƙarin ƙarfi ba. Saboda haka zurfi kaɗai ba hujjar ƙarfi ba ne. Hujja ita ce ƙashin da aka ratsa, irin ƙashin ƙirji ko ƙoƙon kai, tsinin da ya lanƙwashe, kaurin tufa, da tambarin ƙota.

Batun bahago, mu ba ma yarda da shi daga rauni kaɗai. Likita na bayyana hanyar suka ne bisa jikin da ke tsaye a miƙe: gaba zuwa baya, hagu zuwa dama, sama zuwa ƙasa, tare da nisanta daga diddige da kuma daga tsakiyar jiki. Mutane biyu da ke kokawa kuwa ba a miƙe suke ba. Lambobin da ake sa wa raunuka na ƙirga ne kawai, ba jerin faruwarsu ba ne.

Ta yaya ake gane kisa ne, ko mutum ne ya yi wa kansa, ko tsautsayi ne?

Ba rauni ɗaya ke faɗa ba, taron alamu ne. Wanda aka kai wa hari yakan kare kansa, sai a sami yanka a tafin hannu da cikin yatsu idan ya cafki kaifin, ko a bayan hannu da gefen damtse idan ya tare. Raunuka a warwatse, wasu a gadon baya inda hannun mutum ba ya kaiwa, tufafi a huje, duk suna karkata ga kisa. Amma rashin raunin kariya ba ya nufin ba hari ba ne. Mai barci, wanda ya bugu, wanda aka riƙe ko aka shammace shi ba zai kare ba, shi ya sa ake gwada jini da fitsari da ruwan cikin ƙwayar ido don neman abin maye ko magani. Wanda ya yi wa kansa kuwa raunukan kan taru wuri ɗaya da hannunsa ke kaiwa, da ƙananan yanka marasa zurfi a kusa da babban, sai a haɗa da tarihin lafiyarsa da yanayin ɗakin. Tsautsayi ya fi zuwa ta gilashi, kamar wanda ya faɗa kan ƙofar gilashi, kuma akan sami ɓarɓashinsa a cikin raunin.

Jami'ai su riƙa duba hannun wanda ake tuhuma da wuri. Idan wuƙa ta ci karo da ƙashi, hannu mai jiƙe da jini kan zame daga ƙota ya hau kaifi. Ɗigon jinin da ya bi hanyar fita daga wurin na iya zama na maharin ne, don haka a ɗebi samfuri daga wurare daban-daban, kada a ɗauka duk jinin na mamaci ne.

Idan gawa ta ruɓe ko an tsamo ta daga ruwa, ana iya sanin an yi raunin ne kafin mutuwa?

Ana iyawa, amma da wuya. Raunin da aka yi zuciya na bugawa yana tura jini cikin naman da ke kewaye, wanki kuma ba ya fitar da shi da sauƙi. Wanda ya rayu wasu sa'o'i, madubin ƙara girma zai nuna fararen ƙwayoyin jini sun fara taruwa a bakin raunin. Na bayan mutuwa kan bushe ya yi rawaya-rawaya, babu jini. Matsalar tana ga raunin da aka yi dab da fitar rai, da kuma gawar da ta daɗe a ruwa, domin ruwa na tsotse jinin rauni har ya yi fari fat, farfelar jirgin ruwa kuma na yin sara a jere da ke kama da na adda. A ruɓaɓɓiyar gawa, ƙudaje kan fara yin ƙwai a ido, hanci da baki. Idan aka ga tsutsa ta taru a tafin hannu ko a tsakiyar ƙirji, a nemi rauni a wurin. Idan nama ya ƙare, sai a wanke ƙasusuwa a duba haƙarƙari, ƙashin wuya da na yatsu ɗaya bayan ɗaya, a kuma shimfiɗa tufafin a nemi huji.

Hoton siti sikan, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, ba zai wadatar ba, a bar buɗe gawa?

Yana taimakawa ƙwarai, kuma masu bincike a Jami'ar Bern ta Suwizalan sun yi fice wajen bunƙasa shi tun farkon shekarun 2000. Yana nuna karyayyen tsini, karayar ƙashi, jinin da ya taru, da iska a zuciya ko a ƙirji, wadda buɗewa kan iya ɓatar da ita, in dai an ɗauka kafin iskar ruɓa ta fara taruwa. Inda yake gazawa shi ne bin ramin suka a cikin nama mai laushi, domin ramin na rufewa bayan an zare makami, ƙaramin huji a hanji ko a jijiya kuma na iya ɓuya. A shari'ar kisa, hoton na zuwa ne kafin buɗewa. Daga nan likita ya bi raunin shimfiɗa bayan shimfiɗa, daga fata zuwa tsoka zuwa gaɓar da ya ƙare, ba tare da ya tsokana ƙarfe cikin ramin a makance ba, domin tsokanar kan buɗe sabuwar hanyar da makamin bai bi ba. Jinin da ke kowane kogo kuma a kwashe shi da ludayin awo a rubuta yawansa da mililita.